McIlvanney: Marubucin da aka ce ya zubar da girman sa

Ta hanyar fim na san William McIlvanney, kamar yadda na san yawancin marubutan Turawa. Fim ɗin shi ne The Big Man na 1990, wanda David Leland ya ba da umarni, Liam Neeson ya fito a matsayin mahaƙin kwal da ya rasa aiki, talauci ya tura shi damben kuɗi. A gani na fim ɗin bai kai littafin ba, wanda ya fito a 1985. Kiɗan Ennio Morricone ma ya yi wa labarin yawa, kamar an sa wa yaro babbar riga.

Mutumin Kilmarnock ne a Sikotland, an haife shi a 1936, mahaifin sa ya taɓa aikin haƙar kwal. Ya yi shekaru ya na koyarwa kafin littafin sa Docherty ya ci kyautar Whitbread a 1975. Manazarta su ka fara kallon sa a matsayin babban marubuci. Kwatsam, a 1977 sai ya fito da Laidlaw, labarin ɗan sanda. Wasu su ka ga kamar ya sauka daga kan doki ya hau jaki.

To, mai karatu, mu da mu ka sha jin ana kiran littattafan mu "adabin kasuwar Kano" ai mun san irin wannan raini. Shi ya sa abin ya tsaya mani a rai.

Ka duba abin da ya yi da labarin. An kashe wata budurwa a Glasgow, amma tun farkon littafin an nuna maka wanda ya kashe ta, saurayi ne ruɗaɗɗe, a ɓoye, cikin firgici. Babu sauran "wa ya aikata?" Abin da ya rage shi ne wa zai riga kaiwa gare shi: Jack Laidlaw, ko mahaifin yarinyar da manyan 'yan dabar gari da ke son ganin bayan sa. Sai ka wayi gari ka na fatan ɗan sanda ya ceci mai kisa. Wallahi ban taɓa jin haka ba a duk littattafan James Hadley Chase da mu ka yi ta aron juna a makaranta. Shi Laidlaw ɗin kuma littattafan falsafa ya ke ɓoyewa a durowar ofis, su Camus da Kierkegaard, kuma gidan sa ba zaman lafiya.

Sau biyu kacal ya ƙara komawa kan sa: The Papers of Tony Veitch a 1983, sai Strange Loyalties a 1991, inda Laidlaw ke bin diddigin mutuwar ɗan'uwan sa da mota ta kaɗe. Uku a shekara 14! Wasu kuwa su ka bi hanyar da ya share su ka yi arziki, musamman Ian Rankin da jarumin sa Rebus. Littattafan McIlvanney har ɓacewa su ka yi a kasuwa, sai a 2013 kamfanin Canongate ya sake buga su.

Ya rasu a Disamba 2015. A 2016 aka sa sunan sa a kan kyautar littafin binciken laifi mafi kyau a Sikotland. Rankin ne kuma aka damƙa wa rubutun da ya bari bai gama ba, ya ƙarasa, aka buga a 2021 da sunan The Dark Remains. Na karanta, ba laifi, amma in za ka fara, fara da na 1977.