Tutar rawaya a gefen suna

A gasar Fantasy Premier League, fam miliyan 100 na bogi ake ba mutum ya zaɓi 'yan wasa 15. A nan Al Karama, inda Dubai ke gaban Landan da awa 4 a lokacin sanyi, wasan yamma sai bayan magariba muke kallonsa, ga shayin karak, kowa ido a kan waya yana duba tutar rawayar da ke cewa kashi 75 cikin 100 ɗan wasa zai buga.

Ni na fi duba tarihin jikinsa. Matsalar tsokar bayan cinya tana da saurin komowa, musamman a Disamba da wasanni ke bin juna. A Disamban 2024 ta kama Bukayo Saka a gidan Crystal Palace, aka yi masa tiyata, bai dawo ba sai Afrilu, kuma ranar ya ci Fulham.

Raunin Taiwo Awoniyi kuwa ba lissafin da zai hango shi. Ya daki turken raga a wasan Leicester a Mayun 2025, aka yi masa tiyatar gaggawa a ciki. A wancan makon ban iya tunanin maki ba.