Tonon Aninan Kaka: Riba Ko Asara?

'Yan'uwa ɗalibai da malamaina, ku yi mini haƙuri in ba ku labarin wata wahala da na ɗora wa kaina, ku yanke hukunci ko ta biya.

Da kakata ta rasu, Allah ya ji ƙanta, aka raba 'yan komatsanta, sai wani tsohon gwangwani ya faɗo hannuna, don ba wanda ya kula da shi. Ko da na buɗe, sai ga shi maƙil da kuɗin da: anini, ɗari, kwabo mai huji, taro, sisi da sule. Wasu na zamanin Turawa ne, wasu kuma na Nijeriya waɗanda aka buga a 1959, duk dai kafin zuwan naira da kwabo a 1973.

A lokacin kuwa kuɗin rajista sun sha mini kai. Sai wani abokina ya ce ai masu tara tsofaffin kuɗi sukan biya da tsoka in an sami kwabon da ya ɗan bambanta da 'yan'uwansa. Shi ke nan, na ari gilashin ƙara girma, na shimfiɗa tabarma, na duƙufa.

Abin da ake nema ɗan ƙanƙane ne ƙwarai. Kwabo biyu na shekara guda za ka gani kamar an tsaga kara, amma ɗaya yana da wani mitsitsin harafi, ɗaya babu. Marar harafi a ma'aikatar buga kuɗi ta Landan aka yi shi. Mai H daga kamfanin Heaton na Bamingam ya fito, mai KN daga King's Norton, mai SA kuma daga Firitoriya ta Afirka ta Kudu. Sati uku na yi ina wannan tono, idanuna suka yi jajir, karatu kuwa na jingine shi.

Ran nan sai na ci karo da kwabo na 1936 mai sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya hau gadon Ingila a watan Janairu, ya yi murabus a Disamban shekarar. Gabana ya faɗi, na ce kakata ta yanke saƙa! Sarkin da bai cika shekara ba, ai kuɗinsa sai an tona. Na garzaya wurin wani dattijo mai sayar da kayan tarihi a kasuwa. Ya juya kwabon, ya yi murmushi, ya jawo wata tasa cike da irinsa, ya ce, "Yaro, wannan an buga shi da yawa. Naka kuma duk sun sha hannu sun goge, su kuwa masu saye wanda bai sha hannu ba suke so." Abin da ya taya gwangwanin duka bai kai kuɗin motar komawa gida ba. Rajista dai sai da kawuna ya sayar da tunkiya, jarrabawar zangon nan kuma da ƙyar na sha.

To, in don kuɗi ne, amsata a fili take: asara ce. Wanda ya bar karatunsa yana neman arziki a gwangwanin kaka, ya saki reshe ya kama ganye.

Amma fa ban sayar ba, kuma ga dalili. Cikin satin ukun nan na ga abin da ban taɓa lura da shi ba a aji. Na ga rubutun Larabci a jikin kwabon Bature, watau shi kansa ya san wane rubutu mutanenmu ke karantawa a lokacin. Na ga kuɗi guda ne aka riƙa kashewa a Nijeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya, ƙarƙashin hukumar kuɗi da aka kafa a 1912. Na ga laƙabin Sarkin Indiya yana jikin kuɗin Sarki George na Shida, sa'an nan ya ɓace bayan Indiya ta sami 'yanci a 1947. Mulki guda ya zube, shaidarsa kuwa 'yan haruffa ne da suka ragu a bakin kwabo.

Sa'an nan kuma gogewar nan da dattijon ya raina, ita ce ta fi taɓa ni. Ƙuli-ƙuli da man gyaɗa kakata ta yi ta sayarwa, anini bisa anini, har ta aurar da 'ya'ya. Hannunta da na masu cinikinta ne suka cinye rubutun.

Saboda haka shawarata ga mai irin wannan gwangwani ita ce ya duba, amma lokacin hutu, kuma da niyyar sani. Kada ya kankare su da toka ko yashi, don hakan ɓata su yake yi. In Allah ya sa ya dace da mai tsada, to, tsintuwa ce. Nawa dai yana nan ƙarƙashin gado, mai son gani ya zo da gilashinsa.