Ranar da iska ta ɗauke mana wuta

Ɗan'uwa mai karatu, ka tuna daminar 2024? Ruwa ya yi yawa a jihar Damagaram. Ran 3 ga Satumba har tsohon masallacin Birni na Zinder ya faɗi.

Mu ma a Waca ba mu tsira ba. Wani dare iska ta taso, ta yaye kwanon ɗakina, ta kada sandunan lantarki. Gari ya yi duhu.

Da safe injin niƙa bai tashi ba. Maiɗakina ta ɗauko turmi da taɓarya, maƙwabta suka kama mata daka.

Ni kuwa, da dare nake koyar da ajin yaƙi da jahilci. Ba fitila, ba karatu. Na ji tsoron ɗalibaina su watse, don wanda ya daɗe bai zo aji ba, da wuya ya komo. Sai muka maida karatu bayan la'asar, in an taso daga gona. Alhamdu lillahi, ajinmu bai mutu ba.

To, kai ma shirya tun hadari bai haɗu ba. Ajiye tocila inda hannunka zai kai cikin duhu. Tanadi ruwan sha, ka rufe shi. In ka ga wayar lantarki a ƙasa, kada ka taɓa, kuma ka kori yara daga wurin.