Masaukin Baba a Alƙahira

Duk wanda ya ji za mu Alƙahira sai ya ba ni shawarar manyan otal-otal na bakin kogin Nilu. Ban bi ta kansu ba, domin ni rakiya kawai na yi. Mai tafiyar mahaifina ne, wanda ya yi karatu a Azhar yana saurayi, yanzu kuwa gwiwoyi sun ƙi. Sharaɗi guda ya gindaya: duk inda za mu sauka, ya zamana zai iya takawa da ƙafarsa zuwa sallar Asuba a Azhar.

Wannan sharaɗi ne ya kai mu wani ɗan otal a lungun bayan masallacin Husaini, ɗakuna goma sha biyu a hawa na uku na wani tsohon gini. Kyau dai ba shi da shi. Famfo na tari kafin ya kawo ruwa, na'urar hawa bene kuma wani kejin ƙarfe ne da ke rawa kamar zai tsinke. Ga kasuwar Khan al-Khalili a gindin taga, masu sayar da fitilun tagulla da masu shan shayi ba su san dare ya yi ba sai wajen ƙarfe biyu. Ni ban runtsa ba a daren farko. Baba kuwa har da minshari.

Da asuba na gane abin da muka biya. Titunan da jiya ba a samun masaka tsinke sun zama wayam, sai kyanwoyi, da wani yaro a kan keke ɗauke da faifan gurasa a ka. Muka bi ta hanyar ƙarƙashin ƙasa da ke ratsa titin Azhar, Baba na dafe da kafaɗata, yana ƙirga matakala a hankali. An aza harsashin masallacin a shekarar 970, zamanin Faɗimiyyawa, a hannun kwamandansu Jauhar, kuma masu yawon buɗe ido sukan tsaya a farfajiyarsa ta farin marmara su ɗaga kai suna kallon hasumiyoyi. Baba ko kai bai ɗaga ba. Wani ginshiƙi ya nufa can ciki, ya zauna a gindinsa, ya ce, "Nan malaminmu na nahawu yake jingina." Bai ƙara ko kalma ba, ni ma ban tambaya ba. Kafin motocin baƙi su fara sauke jama'a da hantsi, mun riga mun koma muna cin dafaffen waken da Misirawa ke karya kumallo da shi.

Mai tsaron otal ɗin da dare wani dattijo ne mutumin Aswan. Larabcin littafi da Baba ke yi masa yana ba shi dariya, amma bai taɓa kiransa da wani suna ba sai "Ya Shaikh". A kwana na uku kejin ƙarfen nan ya tsaya cak, mai gyara kuma sai bayan Juma'a. Na fara tattara kaya ina tunanin inda za mu koma. Da muka fito da asuba, sai muka tarar dattijon ya jera kujera ɗaya a kowane hawa, ta ƙarshen ma tasa ce ta zaman gadi. Haka Baba ya riƙa sauka yana hutawa, ya hau yana hutawa, har kwana huɗu.

Ranar da za mu tafi gwiwar ta kumbura, ko takalmi ya kasa sawa. Na ce, "Baba, yau dai a yi ta a ɗaki." Dattijon ya ji, ya ɗauko makullin saman bene, hawa ɗaya ne tak daga ɗakinmu, muka tallafe shi mu biyu. Daga can ana hango hasumiyar Sarki Guri mai kai biyu, fitilunta a kunne. Aka kira salla, Baba ya ja mu a zaune, tsakanin tankunan ruwa da igiyoyin shanya.