Kafin A Shiga Ruwa

A cikin dukkan hidimomin da Kirista ke yi a rayuwarsa, da wuya a sami wadda ta kai baftisma gajarta. Daga lokacin da fasto ya riƙe mutum a cikin ruwa, ya ambaci sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, ya nutsar da shi, ya ɗago shi, ba a cika cin minti guda ba. To amma wannan minti guda akwai waɗanda suka shekara uku suna jiransa, akwai kuma waɗanda suka rasa rayukansu a kansa. Shi ya sa nake ganin ya cancanci a tsaya a dube shi da idon basira, musamman yanzu da shirin da ake yi masa yake neman rikiɗewa ya koma wani abu dabam.

Da yake na san da yawa daga cikin masu karatu ba Kirista ba ne, bari in ɗan share fage. Kalmar baftisma aro ce daga Helenanci, asalin ma'anarta kuwa tsomawa ko nutsarwa. Sau ɗaya ake yin ta a rayuwa, ba a maimaita ta kamar wankan tsarki. Kiristoci kuma ba su yi ittifaƙi a kan lokacin yin ta ba. Katolika da Angilika suna yi wa jarirai, iyaye da masu tsaya musu su ɗauki alkawari a madadinsu, in yaro ya girma ya tabbatar da bakinsa. Su kuwa irin su Baptist da ECWA da EYN cewa suka yi sai wanda ya yi hankali, ya tuba, ya furta bangaskiyarsa da kansa. Wannan ita ake kira baftismar masu bi. A cikinta na tashi, a kanta kuma zan yi magana, ba don in raina ta wasu ba.

Mene ne ma'anarta? Manzo Bulus, a sura ta 6 ta wasiƙarsa zuwa ga Romawa, ya kwatanta ta da jana'iza. Wato ruwan nan kabari ne: a nutsar da mutum alamar an binne tsohuwar rayuwarsa tare da Almasihu, a ɗago shi alamar ya tashi zuwa sabuwa. Duk wanda ya taɓa zuwa maƙabarta kuwa ya san ba a kai mai rai kushewa. Sai an tabbata rai ya yi halinsa sannan a ɗauko makara. In haka ne, ruwa ba ya kashe tsohon hali, shaida kawai yake yi a gaban jama'a cewa ya riga ya mutu. Aikin masu shirya mutum ke nan: su duba su gani ko da gaske akwai gawar da za a binne.

Waɗanda suka farfaɗo da wannan fahimta a ƙasar Turai sun ɗanɗana kuɗarsu. A ranar 21 ga Janairu, 1525, wasu 'yan tsirarun mutane suka taru a wani gida a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan, Konrad Grebel ya yi wa George Blaurock baftisma, shi kuma ya yi wa sauran, alhali dukkansu an riga an yi musu suna jarirai. Hukumar birnin ta ɗauki abin a matsayin tawaye, domin a zamanin coci da gwamnati a cuɗe suke. A 1526 ta kafa dokar kisa ta hanyar nutsarwa, a watan Janairu na 1527 kuma aka ɗaure Felix Manz aka jefa shi cikin kogin Limmat. Da ruwan da ya yi gardama a kansa aka kashe shi. Bayan shekaru ɗari da tamanin da wani abu, a 1708, wasu mutum takwas, har da Alexander Mack, suka shiga kogin Eder a ƙauyen Schwarzenau na Jamus suka yi irin wannan baftisma. Daga zuriyar ekklesiyar tasu ne Stover Kulp da Albert Helser suka taso daga Amurka suka sauka Garkida a 1923, inda EYN ta samo asali. Har yau a can durƙusawa mai bi yake yi a cikin ruwa, a nutsar da shi ta gaba sau uku, mu kuwa sau ɗaya ake kwantar da mu ta baya.

Inda gizo ke saƙar shi ne tsawon shiri. In mutum ya buɗe Ayyukan Manzanni zai ga kamar babu wani jira. Ranar Fentikos mutum wajen 3,000 aka yi wa baftisma a yini guda. Bābān Habasha yana cikin karusarsa Filibus ya bayyana masa littafin Ishaya, da suka iso wani ruwa sai kawai suka sauka. Mai gadin kurkukun Filibi ma a daren da ya ba da gaskiya aka yi masa. Amma ba a jima ba ekklesiya ta soma jan burki. Wani tsohon littafi da ake kira Didake ya umarci mai neman baftisma ya yi azumin kwana ɗaya ko biyu tukuna. Wani kuma da ake dangantawa da Hifolitus na Roma ya yanka wa masu koyo shekara uku, ana bincika har sana'ar da suke yi, da yadda suke kula da gwauraye da marasa lafiya. Abin lura a nan, halin mutum suka fi bincikawa fiye da abin da ya haddace.

Mahaifina irin wannan doguwar hanya ya biyo. Ya ce sai da damina uku ta wuce yana ajin masu bi, ana koya musu karatu har suka iya buɗe Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka fara bugawa cikakke a 1932. Kafin a karɓi sunansa, sai da dattawa suka tambayi maƙwabtansa ko ya bar giya, ko ya biya wani bashin dawa da ake binsa. Ban ce duk abin da aka yi a zamanin daidai ne ba. Akwai wani aminin mahaifin nawa mai mata biyu, wanda ya aure su tun kafin ya ji bishara, ya shekara da shekaru yana zama a bencin baya ba a yi masa baftisma ba, domin ya ƙi korar uwar 'ya'yansa. In aka tambaye ni, mutumin nan ya fi da yawa daga cikin waɗanda suka hana shi sanin ma'anar alkawari.

Yau kuwa ni ne nake taimakawa a ajin baftisma na ekklesiyarmu, kowace Asabar da la'asar, na tsawon wata shida. Kuma a nan ne aikina na koyarwa a makarantar sakandare ya buɗe mini ido, domin mai koyarwa ya san ƙamshin hadda tun daga nesa. Yaran nan za su kawo maka Dokoki Goma da Addu'ar Ubangiji da jerin littattafai 66 ba gargada, kamar yadda suke kawo mini sunayen koguna ana gobe jarrabawa. Tambaye su me suka bari saboda Almasihu, sai aji ya yi tsit, a shiga kallon ƙasa. Wasu ma tambayoyin bara suke nema wurin yayyensu, don su san abin da dattawa za su tambaya ranar tantancewa. Ban ga laifin yaran sosai ba. Mu manya ne muka shirya abin da siffar jarrabawa, da rajista da maki da ranar fitar da sunaye, su kuma suka shirya mata yadda aka saba shirya wa jarrabawa.

Sannan ga maganar kati. Sau nawa saurayi ke ɓacewa shekara biyar, sai ka gan shi tsulum a aji, kafin ka tambaya an ce ai an sa ranar aurensa, kuma sai da katin baftisma za a ɗaura? Ga iyaye masu turo ɗan shekara goma sha biyu don 'yar maƙwabta ta riga shi, an riga an yanka farin yadi, an yi odar shinkafa. Baftismar masu bi an kafa ta ne a kan cewa babu mai ba da gaskiya a madadin wani. In uwa ce ta yanke shawara, to baftismar jarirai muke yi, jinkirta ta kawai muka yi shekara goma sha biyu.

Saboda haka na rage yawan abin da nake rubutawa a allo. Nakan sa kowane ɗan aji ya rubuta shaidarsa a shafi guda, da kalmominsa, ba aro daga wa'azi. 'Yan'uwa marubuta sun san wahalar wannan, domin faɗin gaskiya a kan kai ya fi ƙaga labari wuya. Nakan kuma tambaye su ko akwai wanda ba sa ga maciji da shi, ko akwai kayan wani a hannunsu, in akwai su je su gyara kafin ranar. Wata yarinya ta mayar wa kishiyar uwarta ɗankunne da ta ɓoye shekara biyu. Wannan a wurina ya fi maki ɗari.

A ajin bana akwai wani yaro ɗan aji biyar, wanda ya fi kowa amsa tambaya. Saura mako biyu ya same ni bayan an tashi, ya ce, "Malam, a cire sunana. Na san amsoshin, amma ban tabbata na yarda da su ba tukuna." Na ce masa ya yi addu'a ya sake tunani, ya dawo bayan kwana uku yana kan bakansa, na cire. Da yamma sai ga mahaifiyarsa har gida, ko zama ba ta yi ba. Ta ce, "Haba Malam, yaron da ya fi kowa ƙoƙari? Me zan faɗa wa matan zumunta?" Na ce, "Mama, ki yi haƙuri ki zauna. Ruwa ba ya ƙarewa, baɗi ma akwai." Ta ce ni na zuga shi, ta tafi ba sallama, har yau kuma gaisuwarmu sama-sama ce.

Ranar baftisma cikin hunturu ta faɗo, ruwan kogi kamar ƙanƙara. Mutum goma sha tara suka shiga, mata na waƙa a gaɓa, suna tarbar kowa da zani. Yaron yana can tsaye a kan tudu, riƙe da takalman abokansa biyu. Da aka buɗe sabon aji bayan sabuwar shekara ya sake rubuta sunansa, yanzu a baya yake zama, tambayoyinsa kuma sun fi amsoshinsa yawa.