Yadda Na Kusa Rasa Ido Garin Neman Gira

Yau labarin wautar da na tafka zan ba ku, domin na lura samarinmu da yawa sun fara haɗa kwamfuta da kansu, kuma na ji wasu suna tambayar yadda ake ƙara wa katin hoto gudu, wato abin nan da masu gyara ke kira girafik kad.

Mahaifina ɗan Maraɗi ne, hatsi yake sayarwa a kasuwar Utako tun kafin a haife ni. Da na gama sakandare ya so in zauna a rumfa, ni kuma na nace sai haɗa bidiyon biki. Bayan doguwar jayayya ya ranta min kuɗin da ya kai na buhun wake huɗu, ya rubuta a littafinsa na bashi kamar yadda yake rubuta na kowa. A ƙarshen 2022 na haɗa kwamfutar, kuma na ci sa'ar lokaci. A ranar 15 ga Satumba na shekarar ne aka sauya tsarin kuɗin intanet na Ethereum, ya zamana ba a haƙo shi da katin hoto kuma. Nan take masu haƙa a Sin da sauran ƙasashe suka zubo da katunansu kasuwa, gwanjonsu ya iso har nan wajenmu da araha. A hannun wani mai kawo irin waɗannan kaya na sayi Radeon RX 580 mai ma'ajiya 8GB. Ranar har hoton bayanansa na ɗauka a manhajar GPU-Z na tura wa abokaina don burga, alhali ban fahimci rabin abin da ke rubuce ba.

Katin nan bai yi min laifin komai ba, aiki yake yi lafiya lau a DaVinci Resolve. Abin da ya tsaya min a rai lamba ce kawai. Nawa yana nuna gudun 1284 MHz, na mutane kuwa a intanet 1340 ne, wasu ma sun haura 1400. Sai na ƙudurta cewa tauye shi aka yi, ni zan kwance shi.

Lokacin kuwa farkon Maris ne na 2023. Kun san yadda mutanenmu ke rububin ɗaura aure kafin azumi, to bidiyon biki uku ne a hannuna, dukansu na 'ya'yan abokan Baba, kuma na karɓi rabin kuɗi. A cikin wannan hali ne na ga ya dace in taɓa BIOS ɗin katin. Ga wanda bai sani ba, BIOS wata 'yar manhaja ce da ke zaune cikin wata ƙwaya mai ƙafa takwas a jikin katin, ita ke gaya masa ko shi wane ne, da gudun da zai yi, da wutar da zai sha, da yadda zai yi magana da ƙwayoyin ma'ajiyarsa. Na kwafo ta, na buɗe da Polaris BIOS Editor, na mayar da gudun 1400, na ƙara wuta, na taɓa wasu layuka da na ga wani ya taɓa a bidiyo. Sannan na adana a kan ainihin fayil ɗin da na kwafo. Mai karatu ka riƙe wannan, a nan na yanka kaina. Na ɗora sabuwar da AMDVBFlash, na sake kunna kwamfuta ina murmushi.

Windows ta tashi, amma komai ya yi ƙato-ƙato kamar allon tsohuwar talabijin. Na leƙa Device Manager, sai ga alamar gargaɗi ruwan ɗorawa a kan katin, da Code 43. Na cire direba na sake sawa har sau uku, shiru. Na ce to bari in mayar da ta asali, sai na tuna babu ta asali, na rubuce ta da hannuna, kuma ban rubuta tsofaffin lambobin a ko'ina ba.

Da mai hankali ne da ya tsaya nan ya yi tambaya. Ni kuwa wajen ƙarfe ɗaya na dare na sauko da wata BIOS ta RX 580 daga intanet. Manhajar ta ƙi ɗorawa, ta ce lambar shaidar katin ba ta dace da ta fayil ɗin ba. Na ƙara mata harafin nan na tilas, -f, ta ɗora. Da na sake kunnawa allo ya yi baƙi ƙirin, fankoki biyu suka ɗauki kuka kamar injin markaɗe. Wallahi sai da na ji cikina ya juya. Ga zafin Maris na Abuja, ga gumin tsoro.

Da asuba na ɗan dawo hayyacina. Furosesata Intel i5 ce mai nata ɗan sashen hoto a ciki, don haka na zare katin, na jona allo a bayan madabod, na shiga saitin kwamfutar na ce ta riƙa farawa da hoton furosesa, sannan na mayar da katin. Wannan dabara tana ceton mutane da yawa, domin in manhajar ɗorawa ta ga katin, sai a sake rubuta masa BIOS mai kyau a wuce wurin. Ni ba ta gan shi ba. Wasu katunan suna da ɗan makunni a gefe mai BIOS ta biyu, na haska da tocilan waya na duba ko'ina, nawa ba shi da shi. Na gwada ci gaba da aikin biki da hoton furosesa kaɗai, bidiyon yana tafiya yana tsayawa kamar jakin da aka yi wa lodi fiye da kima.

Abin da ya fi min wuya shi ne gaya wa Baba, saboda lokacin ana tsakiyar ƙarancin takardun naira, kuma ko kuɗin mota daga Karmo zuwa Wuse 2 babu a aljihuna. Na same shi yana karin kumallo na durƙusa na ce, "Baba, na ɓata injin." Ya ce, "Faɗuwa ya yi?" Na ce a'a. "Wuta ce ta ƙona shi?" Na ce a'a, so na yi ya ƙara sauri. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Su Alhaji sun san da wannan saurin naka?" Ya zaro kuɗi daga aljihun 'yar ciki ya miƙo min, ya jawo littafinsa.

A Banex Plaza da ke kan titin Aminu Kano na samu wani mai gyara, mutumin kudu ne amma Hausa a bakinsa kamar ɗan Fagge. Tambayarsa ta farko ita ce ina ta asali. Da na yi shiru ya yi dariya ya ce, "Aboki, kai ne na nawa." Ya tambaya ko ina da wani abu da ke nuna yadda katin yake a da. Sai na tuno hoton burgar nan, na lalubo shi a WhatsApp. Ya faɗaɗa shi da yatsa ya nuna min wani layi: 2048. Ashe cikakken RX 580 da ya fito a 2017 yana da ƙananan injinan lissafi 2304 ne. Nawa wani samfuri ne mai suna RX 580 2048SP da aka fitar don kasuwar Sin a 2018, wanda a gininsa ɗan uwan RX 570 ne, kuma 1284 ɗin da nake raina ita ce gudunsa na gaskiya. Ya sake nuna min wani layin: ma'ajiyar katin ta Hynix ce, fayil ɗin da na tilasta masa kuwa na mai Samsung ne. Wato rigar wani na cusa masa, ta yi masa kuskure ta wuya da ta hannu.

Ya kwance fankokin, ya kama ƙwayar mai ƙafa takwas da wani ɗan matsi mai kama da na shanya, ya jona da wata 'yar na'ura mai suna CH341A. Ita ba ruwanta da ko katin na numfashi, kai tsaye take rubutu a kan ƙwayar. Ya fara kwafe abin da ke ciki ya ajiye, duk da ya san shara ce, sannan ya nemo BIOS da ta dace da lambar da ke hotona. Ta farko ta ba da hoto mai ɗigo-ɗigon kore, ta biyu ta zauna daidai. Kafin ya rufe ya share ƙurar hunturu da ta toshe ƙarafan sanyaya katin, ya canza man da ke kan ƙwayar tsakiya wanda ya bushe kamar tsohon tuwo.

Yana ɗaura kusoshi yake gaya min cewa matsalata ta farko, Code 43, ba mutuwa ba ce. Tun ƙarshen 2016 direbobin AMD ke duba sa hannun da ke cikin BIOS na irin waɗannan katuna, in an taɓa ta sai su ƙi aiki, kuma akwai 'yar manhajar da ke tsallake wannan binciken cikin minti biyu. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne da ya buɗe manhajar AMD ɗin da ke kan kwamfutata tun ranar farko, ya nuna min inda ake ja gudun sama kaɗan-kaɗan ba tare da an taɓa BIOS ba, in ya yi yawa kuma ta koma yadda take da kanta. Na zauna na yi lissafi a mota: daga 1284 zuwa 1400 kashi 9 cikin ɗari ne, ko da duka ya koma sauri, aikin minti 40 zai rage kamar minti 3. Kwana biyu na rasa.

Biki biyu na miƙa kafin a ga wata, na uku sai ranar 4 ga azumi, bayan uwar amarya ta aiko gidanmu sau biyu. Baba da kansa ya je ya ba mijinta haƙuri, abin da har yau in na tuna nake jin kunya. Da na yi masa bayanin 2048 da 2304 a rumfa, bai ce komai ba, ya dai ɗauko ƙarfen nan da yake soka wa buhu don ganin irin hatsin da ke ciki kafin ya biya, ya juya shi a hannu ya mayar wurinsa. Bashin na gama biya bayan babbar sallah, ya soke layin a gabana. BIOS ɗin katin yanzu tana wuri uku: a filas, a imel, da kuma wayar ƙanwata.