A tausasa haske, a bar garin yadda yake

Kwanan nan hotunan ƙananan garuruwanmu sun cika Facebook da Instagram, kuma kusan duk salo ɗaya suka ɗauko. Sama ta yi fari-fari, rana ta narke a gefe, bango ya yi laushi, kai ka ce a mafarki ake ganin wurin. Matasa ne ke ɗauka da wayoyinsu, su gyara a Lightroom ko Snapseed, su sako. Abin yana burge ni ƙwarai. Shekaru da dama baƙi ne ke zuwa su ɗauke mu, su zaɓi abin da duniya za ta gani game da mu. Yau ɗan Daura ko Gumel ko Argungu ya ɗaga waya ya ce garinsu ya isa kallo, wannan ba ƙaramin ci gaba ba ne. Sai dai, 'yan uwa masu wannan harka, akwai maganar da nake so mu yi kan inda gyara ya kamata ya tsaya.

Bari in ɗauki Argungu. Duk wanda ya taɓa zuwa bakin kogin Matan Fada da sanyin safiya a tsakiyar hunturu ya san Allah ya riga ya gama wa mai hoto rabin aiki. Hazo ya kwanta a kan ruwa, masunci na tura kwalekwale da gora, bishiyoyin tsallake sun dusashe, na bayansu kuwa sai dai ka yi tsammanin suna nan. Wannan ƙurar tafiyayya ce, yawancinta daga kwarin Bodele na arewacin Chadi take tasowa, inda a da can ruwan babban tafki ya kwanta, iskar arewa maso gabas ta kwaso ta har kanmu. Aikin da take yi wa hoto shi ne warwatsa hasken rana. Inuwa sai ta rage duhu, abin da ke nesa ya yi fari, abin da ke kusa ya riƙe launinsa, hoto ya fito hawa-hawa. A wasu ƙasashe kuɗi ake sawa a sayi gilashi na musamman a ɗaura a gaban kyamara don a samu irin wannan laushin. Wani mai hoto ɗan Kanada, Michael Orton, a shekarun 1980 har hoto biyu yake ɗauka na wuri ɗaya, ɗaya tangaran ɗaya a dusashe, ya ɗora su a kan juna, kuma har gobe da sunansa ake kiran wannan dabara. Mu kuwa daga Nuwamba zuwa Fabrairu kyauta muke samu.

Shi ya sa nake cewa tun wajen ɗauka ake samo wannan kyan, kafin a zo ga manhaja. Fita bayan sallar asuba, kafin hantsi ya dubi ludayi, ko ka bari sai la'asar sakaliya. Kada ka juya wa rana baya kamar yadda aka saba koya mana. Fuskance ta a karkace, ta zamo tana bayan abin da kake ɗauka. A nan ne hayaƙin mai ƙosai yake zama zare-zaren haske, ƙurar da garke ya tayar a hanyar dawowa daga kiwo ta koma ruwan zinari. Taɓa wurin da ya fi haske a fuskar wayar, ka ja hasken ƙasa kaɗan don kada sama ta ƙone. Goge gilashin kyamarar da gefen riga, domin maiƙon yatsa ma yana dusashe hoto, amma dusashewar ƙazanta ce. Kuma maimakon ka jawo abu da yatsu biyu, taka ka matsa kusa.

Sai tsari. Nemi abu uku: na gaba, na tsakiya, na nesa. A Matan Fada, homa da aka jingine ko goran masunci a gaba, mutum cikin kwalekwale a tsakiya, gaɓar tsallake a baya. A cikin gari, ƙofar zaure ta ishe ka. Tsaya daga ciki cikin duhu, ka bar hasken lungu ya cika tsakiyar, ka jira wani ya gifta. Jiran nan shi ne sana'ar. Mai keke zai zo, ko yaro da allo a hammata, ko dattijo da carbi.

Idan an zo gyara, hannu ya zama mai sauƙi. Rage bambancin haske da duhu, ɗaga baƙin kaɗan don inuwa ta yi numfashi, ƙara ɗumi a launi. Akwai majanyin cire hazo da Adobe suka saka a Lightroom a 2015. In ka ja shi baya maimakon gaba, hazo yake ƙarawa, amma ɗan kaɗan ya isa. Laushi kuma a bayan hoto za ka sa shi, ka bar fuska da hannu da saƙar homa da kaifinsu. Kwalli ne: a gefen ido ake ja, ba a shafe fuska da shi.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne shiryayyun launuka da ake saukewa daga intanet a manna wa kowane hoto. Yawancinsu an haɗa su ne don wata ƙasa, wata rana, wata fata. Ka sa wa ginin jar ƙasa, sai ya koma ruwan lemo. Ka sa wa mutum baƙi, sai fuskarsa ta yi toka-toka kamar bai da lafiya, ko a haskake shi har mahaifiyarsa ta kasa gane shi. Wannan matsala tsohuwa ce. Daga shekarun 1950 kamfanin Kodak ya riƙa raba wa masu wankin hoto katin gwaji mai ɗauke da hoton Baturiya, da fatarta aka riƙa daidaita launi, aka daɗe baƙar fata ba ta fita da kyau a fim. Bai kamata yanzu da kyamara ke hannunmu mu ci gaba da wannan da kanmu ba. Kafin ka sako hoto, matso da fuskar mutumin ka duba: haka yake in ka gamu da shi a kasuwa?

Sannan ga babbar maganar, wato gogewa. Wayoyin yanzu da yatsa ɗaya suke share abu daga hoto, su cike gurbin kamar ba a taɓa yi ba. Sai ka ga an share wayar lantarki, an share babur, an share farantin sola a kan rufi, an share kwano an bar azara. Na sha ganin hoton tsohon ginin da ake kira Gidan Tarihi na Kanta a Argungu, wanda aka gina a 1831, ya zama fadar sarki har zuwa 1942, kuma burin wasu masu ɗauka shi ne a gan shi tamkar ba a kai ƙarni na ashirin ba. To, amma mutanen Argungu a yau suke rayuwa. Wayar wutar nan da kake gani ta ɓata maka sama, wasu sun yi shekaru suna kai kuka kafin a kawo ta. Babur ɗin nan da shi wani ke ciyar da iyalinsa. In ka share su, ka mayar da garin irin hotunan katin gidan waya na zamanin Turawa, inda ake son a nuna mu a tsaye cak, ba ma motsi.

Wani zai ce ai kauce wa bola lokacin ɗauka ma zaɓi ne. Gaskiya ne, kowane mai hoto yana zaɓen inda zai tsaya. Amma wanda ya matsa gefe yana cewa ne ga abin da na kalla, mai gogewa kuwa cewa yake wancan abin babu shi. Ledar ruwa da ka share daga hoto tana nan a cikin kwata, damina na zuwa za ta toshe ta. A gasar hotunan jarida ta World Press Photo ta 2015, kusan ɗaya cikin biyar na hotunan da suka kai zagayen kusa da ƙarshe an fitar da su saboda irin wannan taɓe-taɓe. Na san mu ba 'yan jarida ba ne, kuma wanda ya ga dama ya yi zanensa. To, ya rubuta a ƙasa cewa haɗawa ya yi. Nan da shekara talatin, jikokin garin a waɗannan hotuna za su nemi yadda unguwarsu take, domin ba mu da wata ma'ajiya da ta wuce su.

Shi kansa hazon da muke yabo, mu tuna akwai masu shan wuyarsa: mai asma da ba ya barci, tsohuwar da tari ya kama, matafiyin da jirginsa ya kasa sauka a Kano. Kuma mutumin da ke cikin hoton ba ado ba ne. Yi sallama tukuna. "Baba, sannu da aiki, in ɗauke ka?" In ya ce a'a, shi ke nan. Matan aure da 'ya'yan mutane kuwa sai da yardar masu su. In ya yarda, nuna masa abin da ka ɗauka, in da hali ka wanko masa.

Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali a 1934 lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, UNESCO kuma ta sanya shi cikin al'adun duniya a 2016, ba ya rasa masu kyamara. Duk sanda aka yi shi, dubban hotuna iri ɗaya ke fitowa na giwan ruwa a kan sikeli. Ni abin da nake roƙon matasan Argungu, da na kowane ƙaramin gari, shi ne ranar Talata da babu biki: manoman shinkafa a fadama, maɗinki a bakin shagonsa, 'yan makaranta a kan hanya. Wannan hunturun ku fita ku ɗauko mana su, da wayoyin wutarsu da baburansu, ku sako wanda kuka gyara kusa da wanda ba ku taɓa ba.